Yadda Ake Gane Sinadari Daga Launin Harshen Wuta

Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da murhun gas lokacin da miya ta tafaso ta zubo, ya ga abin da zan yi bayani a kai. Wutar da take shuɗiya sai ta koma ruwan ɗorawa nan take, ta ɗan jima a haka, sannan ta dawo yadda take. Gishirin da ke cikin miyar ne ya yi wannan aiki, wato sodiyam ɗin da ke cikin gishirin. Wannan shi ne gwajin harshen wuta da ake koyarwa a darasin kimiyyar sinadarai. Abin da ke damuna shi ne ɗalibai da yawa haddace shi kawai suke yi: sodiyam ruwan ɗorawa, kalsiyam ja, jan ƙarfe kore. Ba su taɓa gani da idonsu ba, ba su kuma san daga ina launin yake fitowa ba. Alhali gwaji ne da kayansa ba su fi ƙarfin kowace makaranta ba, kuma wanda ya fahimce shi ya kama bakin zaren tsarin atam, wato ƙwaya mafi ƙanƙanta ta kowane sinadari.

Da farko, tanadi kaya

Kana buƙatar murhun Bunsen, ko murhun gas na girki mai ba da wuta shuɗiya. Kyandir da fitilar kananzir ba za su yi ba, domin wutarsu da ma ruwan ɗorawa ce, za ta rufe komai. Sai wayar nikurom ko ta filatinam da aka lanƙwasa bakinta kamar ƙaramin zobe, da asid na haidurokulorik kaɗan a ƙaramin kasko na gilashi. In babu waya, tsinken katako mai tsabta da aka jiƙa kwana guda cikin tataccen ruwa zai yi.

Abubuwan gwajin kuwa, fara da na gida: gishiri, kanwa, garin alli ko ɓawon ƙwai da aka daka, da ruwan toka da aka tace aka dafa har ya ƙafe ya bar farin gari. Idan makarantarku tana da gishirin litiyam, sitironshiyam, bariyam ko na jan ƙarfe, a ɗauko su.

Asid sai a gaban malami. A sa tabarau na kariya, a naɗe hannun riga, mai mayafi ko hijabi ta tattare shi ta baya. Gishirin bariyam guba ne, ba a taɓa shi da hannu. Kada kuma wani ya ce zai zuba fetur ko sifirit don wutar ta ƙara kyau. Ta haka ake ƙonewa.

Gyara wutar, ka tsabtace wayar

Buɗe kafar iskar murhun har wutar ta zama shuɗiya, da ƙyar ake ganinta. Rufe tagogin da ke kawo haske, domin a ɗaki mai ɗan duhu launi ya fi fitowa. Tsoma wayar a asid, ka sa ta a wuta. Idan ka ga wani launi, maimaita. Ka ci gaba har sai wayar ta shiga wuta ba ta canja mata komai ba.

Nan ne mafi yawan masu gwajin suke gajen haƙuri, nan ne kuma gwajin yake lalacewa. Gumin yatsa kaɗai yana ɗauke da sodiyam da ya isa ya rina wutar. Na sha ganin ɗalibi ya gama wanke waya tas, sai ya kama bakinta da yatsu don ya gyara lanƙwasar, daga nan duk abin da ya gwada ruwan ɗorawa yake gani.

Sa abin a wuta, ka rubuta abin da ka gani

Jiƙa bakin wayar da asid, ka dangwali garin kaɗan, ka kai shi gefen harshen wutar, ba can ƙasa kusa da bakin murhu ba. Amfanin asid ɗin shi ne yana mayar da sinadarin gishirin kuloraid, wanda ya fi saurin zama tururi a wuta. Mai amfani da tsinke ya kula kada tsinken ya kama da wuta. Da ya fara baƙi a cire shi.

Sodiyam zai ba ka ruwan ɗorawa mai ƙarfi da ke daɗewa. Litiyam ja ne jawur, sitironshiyam ma ja. Kalsiyam ja ne mai sirkin ruwan goro, irin launin jar ƙasa. Bariyam kore ne mai haske, jan ƙarfe kuma kore mai ratsin shuɗi. Fotasiyam shi ne mai wuyar kamawa: shunayya ce maras ƙarfi, kamar ruwan hoda ya haɗu da shuɗi, kuma ƙwayar sodiyam kaɗan ta isa ta danne ta. Maganin wannan shi ne a kalli wutar ta cikin shuɗin gilashin kobal, wanda ke tsare hasken sodiyam ya bar na fotasiyam ya wuce.

Yanzu gwada kanwa da garin toka, ɗaya bayan ɗaya. Da Turancin kasuwa ana kiran kanwa "potash", sunan da ke sa mutum ya zaci fotasiyam ce zalla. Sa ta a wuta ka gani: ruwan ɗorawa, kamar gishiri. Kanwar da ake haƙowa a yankin Tafkin Chadi da ƙasar Manga, galibinta kabonet ɗin sodiyam ce. Fotasiyam na cikin tokar itace da ta karan dawa, wadda iyayenmu mata ke tacewa su sa a miya. Ɗauki gilashin kobal ka kalli wutar garin toka, za ka ga shunayyar ta bayyana. Wannan gwajin na fi so a fara da shi, domin yaro yana ganin wuta ta gyara kuskuren da ke cikin suna.

Ka tambayi daga ina launin ya fito

Atam yana da cibiya a tsakiya, ƙananan ƙwayoyin da ake kira elektaron kuma suna kewaye da ita hawa-hawa. A shekarar 1913 Niels Bohr, ɗan ƙasar Denmak, ya kawo bayanin cewa elektaron ba ya zama inda ya ga dama. Matakai ne ƙayyadaddu, kamar na tsani: ko ƙafarka tana kan wannan, ko tana kan na sama, babu tsayawa a tsakani.

Ɗauki sodiyam. Elektaron 11 gare shi: 2 a hawan farko, 8 a na biyu, 1 tilo a na uku. Zafin wuta yana ɗaga wannan tilon daga matakin da ake kira 3s zuwa 3p. Ba ya iya zama a can, sai ya faɗo, kuma makamashin da ya karɓa ya fita a matsayin ƙwayar haske guda, wadda ake kira foton. Tunda tazarar da ke tsakanin 3p da 3s iri ɗaya ce a kowane atam na sodiyam, ko a Bilma aka haƙo gishirin ko daga teku aka samo shi, hasken da zai fito iri ɗaya ne: tsawon igiyarsa nanomita 589 (haske yana tafiya ne kamar igiyar ruwa, nanomita kuma kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita). Launin da ka gani awon wannan tazarar ne. Kowane sinadari da irin tsaninsa, shi ya sa launukansu suke bambanta.

A kalsiyam, sitironshiyam, bariyam da jan ƙarfe, yawancin launin yana fitowa ne daga ƙananan haɗe-haɗen da ƙarfen ke yi da kulorin ko oksijin da haidurojin a cikin wutar, amma ƙa'idar ba ta canja ba: hawa, faɗowa, haske.

Yi lissafin da hannunka

Idon mutum yana ganin haske daga kusan nanomita 400, wajen shunayya, zuwa kusan 700, wajen ja. Gajeriyar igiya ta fi makamashi, doguwa ta fi ƙaranci. Dabarar ita ce E = hc/λ. Harafin E makamashin foton guda ne, a ma'aunin da ake kira jul; h lambar Planck ce, 6.626 × 10⁻³⁴; c saurin haske ne, mita 3.00 × 10⁸ a daƙiƙa; λ kuma tsawon igiya, amma dole a mayar da shi mita. Nan ake yawan tuntuɓe: nanomita 589 ita ce mita 5.89 × 10⁻⁷.

Ninka h da c, ka sami 1.99 × 10⁻²⁵. Raba da 5.89 × 10⁻⁷, ka sami kusan jul 3.37 × 10⁻¹⁹ ga foton guda. Ninka da lambar Avogadro, 6.022 × 10²³, wato yawan ƙwayoyin da ake kira mol guda, ya ba ka kusan kilojul 203 ga mol guda. Riƙe wannan lambar. Sannan ka gwada litiyam da kanka, da nanomita 671. Amsarka za ta gaza ta sodiyam, tunda ja ya fi ruwan ɗorawa tsawon igiya.

Buɗe jadawalin sinadarai

Duba rukuni na ɗaya daga sama zuwa ƙasa: litiyam, sodiyam, fotasiyam, rubidiyam, siziyam. Dukkansu elektaron ɗaya gare su a hawan ƙarshe, amma kowanne ya fi na samansa hawa guda. Atam yana ƙara girma, elektaron na waje yana ƙara nisa da cibiya, na ciki suna ƙara kare shi daga janta, sai riƙon ya yi sako-sako. Makamashin da ake buƙata a fizge shi gaba ɗaya, a kilojul ga mol, yana raguwa: litiyam 520, sodiyam 496, fotasiyam 419, rubidiyam 403, siziyam 376. Kwatanta 203 ɗin da ka samu da 496 na sodiyam: ɗaga elektaron mataki guda bai kai rabin abin da ake buƙata a cire shi ba, shi ya sa wutar girki ma take iya yi.

Idan ka bi layi daga hagu zuwa dama, akasin haka ne. Magniziyam yana maƙwabtaka da sodiyam, hawansu uku-uku, amma cibiyarsa ta fi da furoton guda, wato ƙwayar da ke cikin cibiya mai jan elektaron, don haka ta fi jan elektaron, atam ɗin ya fi tsukewa, makamashin fizge elektaron ɗinsa ya kai 738. Sa gishirin magniziyam a wuta, ba za ka ga launin komai ba. Rashin launin ma sakamako ne, ka rubuta shi. Sai ka sauka zuwa kalsiyam 590, sitironshiyam 549 da bariyam 503, inda riƙo ya sassauta, launi ya dawo. Farin hasken da zaren magniziyam ke yi idan an kunna shi wani abu ne daban. Ƙarfen ne kansa yake ci da wuta.

Kada ka sa ran launukan su jeru bi da bi kamar bakan gizo. Babban layin hasken sodiyam, wato hasken da ya fi fitarwa, nanomita 589 ne, na fotasiyam 766, na rubidiyam 780, na siziyam 852. Tazara na raguwa, igiya na tsawo har ta fita daga abin da ido ke gani, sai wasu ƙananan layuka su rinjayi launin da muke gani. Litiyam kuma da 671 ɗinsa bai bi jerin ba. Gara ɗalibi ya san haka da a ba shi ƙa'idar da ba ta tsaya ba.

In ido ya kasa, raba hasken

Jan litiyam da na sitironshiyam suna rikita ido. Samo tsohon faifan CD da kwalin takalmi. Tsaga siririyar kafa a gefe guda, ka kafa guntun faifan a karkace a ɗaya gefen, ka huda wurin leƙawa a samansa. Fuskanci fitilar tocila, za ka ga launuka a jere kamar bakan gizo. Fuskanci wutar gishiri, sai ka ga layi guda ruwan ɗorawa, sauran wurin duhu. Kada a fuskanci rana da shi.

Da na'ura mai irin wannan aiki Robert Bunsen da Gustav Kirchhoff suka yi bincikensu a Heidelberg ta Jamus. A 1860 suka ga layuka shuɗaye da ba na wani sanannen sinadari ba ne, a cikin ruwan wata maɓuɓɓuga, suka gano siziyam. A 1861 jajayen layuka suka kai su ga rubidiyam. A 1868 aka hango wani layi ruwan ɗorawa a hasken rana, kusa da na sodiyam amma ba a gurbinsa ba, wajen nanomita 587 da rabi. Norman Lockyer na Ingila ya ce sabon sinadari ne, aka sa masa suna hiliyam, daga sunan rana a harshen Girka. Sai a 1895 William Ramsay ya samo shi a doron ƙasa, cikin wani dutsen ma'adinin yuraniyam.