Yadda zaka tsara hoton zalɓe da ƴan uwansa, da inda ya kamata ka yanke

Tsuntsayen nan masu yawo cikin ruwa mara zurfi ko a gefensa, irin su zalɓe da balbela da shamuwa da filamingo, abu uku ne a jikinsu ke ba mai kyamara wahala, dogayen ƙafafu da dogon wuya da dogon baki. Tsuntsun siriri ne amma yana cin fili ta kowane ɓangare, shi yasa zaka ga mutum ya samu haske mai kyau, fokas ya zauna daram akan ido, amma hoton ya fito a takure kamar an cusa tsuntsun cikin akwati. Gyaran wannan tun a bakin ruwa ake yinsa, ka bar fili fiye da yadda kake ganin kana buƙata, kurof ɗin (yanke gefunan hoto) da zaka yi a kwamfuta daga baya ƙarasawa ce kawai, baya dawo maka da abinda baka ɗauka ba.

Fara da ƙafafu don nan ne aka fi yin ɓarna. Idan zalɓe na tsaye a ruwa rabin ƙafarsa a nutse take, to don Allah kar ka yanke hoton daidai inda ƙafar ta shiga ruwan. Ka ƙiyasta inda yatsunsa suke a can ƙasa ka bar musu wurinsu duk da ba'a ganinsu, saboda idon mai kallo ya san ƙafar bata ƙare a nan ba, idan ka datse sai yaji wani abu ya ɓace ko da bai iya faɗa maka menene ba. Haka kuma waccan gaɓar da ke lanƙwashewa ta baya, wadda ake ɗauka gwiwa ce alhali idon sawunsa ne (gwiwar gaskiya tana can sama cikin gashi), kar gefen hoto ya faɗa kanta. Ko dai ka kawo tsuntsun gaba ɗaya har yatsu, ko ka matso sosai ka ɗauki kai da wuya da ɗan kafaɗa yadda kowa zai gane da gangan kayi. Tsakanin waɗannan biyun ne hoto ke lalacewa, musamman wanda aka gutsure kan yatsu ko tsinin baki kaɗan.

Sai fili a gaban baki. Inda tsuntsun yake kallo nan zaka ba fili mafi yawa, shi kuma ka ɗan ja shi baya, idonsa ya faɗo kusa da ɗaya daga cikin layukan nan da suke raba firem gida uku. Ga zalɓe abin yafi ƙarfin kwalliya ma, don lokacin da yake fakon kifi wuyansa a naɗe yake, cikin ƙiftawar ido zai miƙa shi gaba ɗaya ya caki ruwa, idan ka cika firem da shi tun yana naɗe to wallahi kan zai fita daga hoton daidai lokacin da ka shafe rabin awa kana jira. Ka rage zum kaɗan, ka sa shota, wato saurin ɗaukar kyamara, wajen 1/2000 na daƙiƙa, ka bar wurin da ruwa zai fantsama.

Tsaye ko kwance? Tsuntsu na tsaye ya miƙe wuya, juya kyamara a tsaye. Yana tafiya ko ya tashi sama, bar ta a kwance. A sama ɗin ma ka lura, zalɓe da balbela naɗe wuya suke yi idan suna tashi, shamuwa da gauraka kuma miƙe shi suke, dukkansu ƙafafu na biye a baya, don haka shamuwa tafi cin tsawon firem.

Ni abinda nafi damuwa da shi shine tsayin da kake ɗauka daga shi. Idan kana tsaye kana leƙo tsuntsun daga sama, abinda ke bayansa taɓo ne da tarkacen gefen ruwa kuma duk sun fito tar. Ka durƙusa ko ka kwanta rub da ciki har kyamara ta zo daidai idonsa, sai kaga bayan ya koma can nesa ya narke ya zama launi ɗaya mai laushi, ƙafafun kuma sun nuna ainihin tsayinsu. Kafin ka danna duba bayan kansa, kar layin da ruwa ya haɗu da gaɓar can ya ratsa wuyansa ko wani kara ya tsiro masa a ka, ɗan matsawa taku ɗaya gefe ya isa.

Idan ruwan ya kwanta inuwarsa ta fito ciki, yanke shawara ɗaya: ko ka kawo ta duka har kai, a nan ba laifi layin ruwa ya zauna tsakiyar hoto, ko ka yanke ta tun daga sama sosai. Inuwar nan kuma ita ke nuna maka ko hoton ya karkace, idon tsuntsun da idon inuwarsa dole su kasance akan layi ɗaya a tsaye. Ka fara miƙe wannan kafin komai a Lightroom (manhajar gyaran hoto), don miƙewar tana cin gefuna.

Toh batun yawan yankewa. Kyamara mai megafiksil 24 tana bada fiksil (ƙananan ɗigon da ke haɗa hoto) 6000 a faɗi da 4000 a tsayi, idan ka yanke rabin faɗi da rabin tsayi abinda ya rage 3000 da 2000 ne, wato megafiksil 6, kashi ɗaya cikin huɗu kenan. Ya ishe ka ɗorawa a intanet, amma in zaka buga babba gashin zai fara dusashewa. Duk da haka gara ka yanke da ka ta matsawa har ka tashi tsuntsun daga inda yake cin abinci. Ka tuna kuma yawancin manyan kyamarori 3:2 suke ɗauka (ma'aunin dogon gefen hoto da gajerensa kenan), hoton tsaye na Instagram da aka saba kuma 4:5 ne, yafi gajarta, idan baka bar fili sama da ƙasa ba to dole ko kan tsuntsun ko yatsunsa ɗaya ya tafi. Ka ajiye asalin fayil ɗin RAW, wato ɗanyen hoton yadda kyamara ta ɗauke shi, ka fitar da kowane yanka daban da sunansa.