Yadda ake gano mawaƙin da ya sake rera tsohuwar waƙa a tallar talabijin

Kusan duk masu wannan nema a wuri ɗaya suke tuntuɓe. Talla ta zo, ana rera wata tsohuwar waƙa da kunne ya saba da ita, amma an rage mata gudu, an cire ganguna, ba abin da ya rage sai fiyano da wata muryar da ba ka sani ba. Mutum ya rubuta baitin da ya kama a Google, sunan mai waƙar na asali ya fito, shi ke nan ya kama gabansa yana cewa ai wane ne. Alhali tambayoyi biyu ne a gabansa. Wace waƙa ce, wannan ɗaya. Muryar waye a cikin tallar, wannan daban, kuma a nan aikin yake.

Mataki na farko, ka samu tallar a hannunka. Kada ka zauna jiran a sake sako ta, kuma kada ka naɗe ta da waya daga bakin talabijin fanka na kaɗawa ana hira a ɗaki. Je ka shafin YouTube na kamfanin da ake tallata kayansa. Yawanci abin da ake sakawa a talabijin gutsure ne na daƙiƙa 15 ko 30, cikakkiyar mai minti ɗaya ko fiye tana can, kuma ita nake so ka ɗauka, domin waƙar ta fi sakewa a cikinta. Ka rubuta sunan kayan da ake tallatawa, da shekara, da ƙasar da ka ga tallar. Maganar ƙasa ba ƙarin aiki ba ne. Izinin amfani da waƙa ana sayensa ne yanki-yanki, saboda haka hoto ɗaya kan fita da waƙa kaza a Ingila, ya fita da wata a Amurka. Kafin ka bar shafin, buɗe bayanin da ke ƙarƙashin bidiyon ka karanta har ƙarshe. Mutane na tsallake shi, ga shi wani lokaci sunan yana nan a layin ƙarshe.

Na biyu, sunan waƙar. Wannan ba ya cin lokaci. Rubuta baiti ɗaya a Google a tsakanin alamun zance ya isa. Idan kalmomin ba su fito sosai ba, Google ya ƙara hanyar nema da gunguni, wato ka rera karin waƙar ba tare da kalmomi ba, tun 2020, manhajar SoundHound ma na yi. Ka dai sani su karin waƙa suke bi, don haka kusan kullum ta asali za su miƙo maka. Karɓi sunan waƙar, ka bar musu sunan mawaƙin.

Na uku shi ne Shazam, kuma a nan zan daɗe, domin a nan ake yanke ƙauna ba gaira ba dalili. Wannan manhaja, wadda Apple ya saya a 2018, ba waƙa take ganewa ba, takamaiman naɗin da aka yi a situdiyo take ganewa. Tana ɗaukar tambarin sautin, kamar zanen yatsa, ta gwada da na rumbunta. Ko mawaƙi ɗaya ne ya rera waƙa sau biyu, tambari biyu ne. Wannan ne ya sa ta fi kowa amfani a aikinmu idan ta dace, domin sunan da za ta kawo na wanda ke cikin tallar ne. Amma sai ka taimake ta. Kunna bidiyon a kwamfuta ko a wata wayar, ka nemo inda mai sanarwa ya yi shiru, babu ƙarar mota, babu ƙarar buɗe kwalba, ka fara daga daidai nan. A yawancin tallace-tallace gurbin yana farko-farko, kafin a soma yabon kaya. Gwada wurare dabam-dabam. Idan ta kawo suna, kada ka yarda sai ka saurari abin da ta kawo, domin idan surutu ya yi yawa takan jefo waƙar da ko kusa ba ta da alaƙa.

To idan ka yi duk wannan ta ce ba ta sani ba fa? Yawanci ba laifin wayarka ba ne, kuma sauke wasu manhajoji biyar ba zai canza komai ba, balle waɗanda ke neman kuɗi. Ban ga dalilin kashe ko sisi a wannan aiki ba. Abin da shirun ke nufi sau da yawa shi ne naɗin bai taɓa shiga kasuwa ba. Ga yadda abin yake. Kowace waƙa da ta fito tana da haƙƙin mallaka iri biyu: na wanda ya tsara kalmomi da kari, da na naɗin kansa, wanda galibi ke hannun kamfanin da ya fitar da faifan. Mai talla idan yana son ta asali, dole ya biya duka biyun. Idan kuwa ya sa aka sake rerawa, na farkon kawai zai biya, sannan ya sallami wanda ya yi masa sabon naɗi. Ga sauƙin kuɗi, ga damar yanka waƙar daidai tsawon hoton, amshi ya faɗo daidai lokacin da tambarin kamfani zai bayyana. Saboda haka akwai kamfanonin kiɗa da sana'arsu ke nan. Su kira mawaƙin haya, ya shiga situdiyo ya rera abin da bai wuce minti ɗaya ba, a biya shi ya tafi. Babu cikakkiyar waƙa a ko'ina, babu sunansa a fuskar talabijin. Mutane kan yi wata da watanni suna neman "cikakkiyar" a manhajar sauraron waƙoƙi ta Spotify, abin da ba a taɓa yi ba.

Akwai kuma akasin haka, inda kamfani ke ɗauko sananne ya yi ta shelar sunansa. Shagon John Lewis na Ingila ya yi suna da wannan a tallarsa ta Kirsimeti. A 2013 Lily Allen ce ta sake rera wata waƙar ƙungiyar Keane, aka fitar da ita kasuwa har ta hau matsayi na ɗaya a can. Irin wannan ba ya bukatar bincike, jaridu ma sun ɗauka. Idan kuwa ka ga talla babba amma ko'ina tsit game da mawaƙi, ka fara zargin na haya ne.

Na huɗu, tace waɗanda suka taɓa rera waƙar. Shafin SecondHandSongs ya tara jerin waɗanda suka sake rera waƙoƙi tare da shekara, WhoSampled ma yana da sashen haka. Ni na farkon nake buɗewa, kuma shi nake ba kowa shawara. Sananniyar waƙa za ka iske mata ɗaruruwa, don haka ka zubar da duk wanda kayan kiɗansa ko gudunsa bai dace ba tun a daƙiƙun farko. Waɗanda suka rage, sa abin saurare a kunne ka ɗauki layi ɗaya tak ka gwada. Ina aka ja numfashi? Wace kalma aka ja, wace aka haɗiye? Fiyanon ya riga murya shigowa ko tare suka shigo? Naɗi ɗaya ba ya saɓa wa kansa a irin waɗannan.

Tarko biyu ne a nan. Da zarar talla ta yi farin jini, sai ka ga an cika YouTube da Spotify da masu kwaikwayo, suna rubuta sunan tallar a jikin tasu don a danna. Dubi ranar da aka ɗora. Wadda ta fito bayan tallar, daga asusun da ba shi da alaƙa da kamfanin, ka yi mata kallon tuhuma. Ɗayan tarkon shi ne kunnenka. "Wallahi muryar wance ce" ba hujja ba ce, domin akan nemi mai kama da muryar sananne da gangan. Mawaƙiya Bette Midler ta kai kamfanin motoci na Ford kotu a Amurka kan haka, bayan ta ƙi yin talla aka ɗauko wata da ta taɓa yi mata amshi aka ce ta kwaikwaye ta, kuma a 1988 kotun ɗaukaka ƙara ta ce Midler tana da damar ci gaba da ƙararta. Idan har wannan murya ta ruɗi masu sauraro, sharhin wani a ƙarƙashin bidiyo ba abin dogaro ba ne sai ya zo da mahaɗin shafin da ke tabbatar da maganarsa.

Na biyar, bar neman waƙa ka koma neman waɗanda suka yi tallar. Masu wannan sana'a suna son a san aikinsu. Shafuka irin su Ads of the World, Little Black Book, Campaign da Adweek kan jera sunayen kamfanin da ya tsara talla, darakta, mai tacewa, da kamfanin kiɗa. Na Amurka kuma a duba iSpot.tv. Yi neman da harshen da aka yi tallar. Sunan kamfanin kiɗan kake farauta. Idan ka same shi, leƙa shafinsu da Instagram ɗinsu a makon da tallar ta fito, a nan sukan yi wa mawaƙin godiya da sunansa.

Na ƙarshe, tambaya. Aika wa kamfanin kiɗan saƙo gajere da mahaɗin bidiyon. Su za ka fara tuntuɓa, ba masu kayan ba, domin mai amsa saƙon abokan ciniki da wuya ya san wanda ya shiga situdiyo. Wasu za su faɗa maka nan take, wasu su ce yarjejeniya ta hana. Idan sun ba ka suna, ka tambaye su a saƙon gaba ko akwai niyyar fitar da cikakkiyar.