Yadda ake ba da vincristine ga mai sankarar jini

Vincristine yana cikin magungunan da aka fi dogara da su wajen yaƙi da sankarar jini ta yara da kuma ciwon Burkitt, wani nau'in sankara da ya yawaita a tsakanin yaran Afirka. An samo shi ne daga wani fure ɗan asalin Madagaska, irin wanda ake shukawa don ado a farfajiyar gidaje, kuma Amurka ta amince da shi a shekarar 1963. Aikinsa shi ne ya manne wa wani sinadari mai suna tubulin, wanda ƙwayar halitta ke saƙa wasu siraran zaruruwa da shi a lokacin da za ta rabu biyu, sai rabuwar ta tsaya a tsakiya, ƙwayar ta mutu. Matsalar ita ce jijiyoyin da ke kai saƙo a jiki su ma da waɗannan zaruruwa suke aiki, shi ya sa illar maganin ta fi sauka a kansu, ɓargo kuwa bai cika taɓa shi sosai ba.

Kafin a haɗa maganin, sai a auna tsawon majinyaci da nauyinsa a fitar da faɗin fatar jikinsa a murabba'in mita. Babba ana ba shi miligiram 1.4 a kan kowace murabba'in mita, yaro kuma 1.5, kuma a yawancin tsare-tsare ba a wuce miligiram 2 a zama ɗaya. A duba gwajin hanta, domin hanta ce ke sarrafa shi ta fitar da shi ta madaciya, wanda ke da ciwon shawara kuwa likita zai rage masa maganin. A tambayi sauran magungunan da yake sha, musamman itraconazole, maganin cututtukan fungas, da danginsa, waɗanda ke hana hanta karya vincristine har ya taru ya yi ɓarna.

Hanyar shigarsa ɗaya ce tak, wato jijiyar jini. Idan aka yi kuskuren zuba shi a ruwan laka, kusan kullum mutuwa ce ke biyo baya, kuma haɗarin ya fi girma ne saboda sau da yawa a rana ɗaya ake yi wa yaro allurar methotrexate, wani maganin sankara, ta ƙashin baya. Sirinji biyu a kan faranti ɗaya, ga ma'aikaci da ya kwana yana aiki, sun isa su jawo musiba. Saboda haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2007 cewa a riƙa narka shi a cikin ƙaramar jakar ruwan gishiri maimakon sirinji, tunda ba a haɗa jaka da allurar baya. A ganina, ko da an yi ƙarancin jakunkuna, bai kamata magungunan biyu su shiga ɗaki ɗaya a lokaci ɗaya ba.

A nemi jijiya mai kyau a damtse, a tabbatar jini yana dawowa, sannan a tsaya a kan majinyaci na 'yan mintunan da ruwan zai ɗauka. Idan wurin ya kumbura ko yaro ya ce yana masa zafi, a tsayar nan take, a zuƙo abin da za a iya, a ɗora tsumma mai ɗumi, kada a sa ƙanƙara.

A kowane zuwa a tambayi uwa ko yaron yana yin bayan gida, domin maƙarƙashiya takan yi tsanani, kuma gara a fara ba da mai laushin ciki tun da wuri. A tambayi ciwon muƙamuƙi da mutuwar yatsu. A sa shi ya taka a kan dugadugansa, ya kuma ɓalle maɓallin rigarsa, domin idan silifas yana zamewa daga ƙafarsa ko maɓalli ya gagare shi, dole likita ya sani kafin a haɗa allurar wannan mako.