Yadda za ku kula da ficus ɗinku na cikin ɗaki idan sanyi ya shigo

'Yan uwa na Ingila da Jamus da Kanada da kuka ajiye ficus, itacen adon nan na tukunya, a falo, dan Allah da zarar an shiga Nuwamba ku rage masa ruwa, domin abin da ya fi kashe shi a wannan lokacin ba sanyi ba ne, tausayi ne, mutum zai ga ganye na zuba sai ya ɗauka ƙishi ne ya yi ta antaya ruwa har saiwa ta ruɓe a cikin tukunya.

Ficus ɗin nan fa ɗan uwan ɓaure ne da cediya da durumi, duk dangi ɗaya ne. Mai ƙananan ganye, benjamina, asalinsa Asiya da arewacin Ostareliya, mai faffaɗan ganyen nan lyrata kuma na yammacin Afirka ne. Toh itacen da ya saba da rana ka kawo shi Landan inda a Disamba yinin ma bai cika awa 8 ba, dole ya tsaya da girma, in ya tsaya kuwa ba ya shan ruwa sosai.

Kafin ka zuba, tura yatsa cikin ƙasar kamar santimita 3 zuwa 5, in ka ji danshi ka ƙyale shi kawai. In ta bushe sai ka zuba har ya fito ta ƙasan tukunya, bayan minti 15 ka zubar da wanda ya taru a faranti. Kada ka ba shi mai sanyi ƙarara daga famfo, bari ya ɗan kwana a ɗaki. Taki kuwa a manta da shi sai Maris ko Afrilu, canjin tukunya ma haka.

Sai wurin zama, nan ne benjamina yake da rigima wallahi. Samo masa taga mai haske, mai kallon kudu in akwai, amma kada ganyen ya riƙa taɓa gilashi da dare, kada ya zauna bakin ƙofar da ake ta buɗewa, kuma nesa da hita. Ɗaki ya tsaya tsakanin digiri 16 zuwa 24, ƙasa da 13 kam zai fara wahala. In ka samu wurin ka bar shi nan, yau lungu gobe bakin taga shi ke sa ya yi ta kaɗe ganye, iyaka ka ɗan juya tukunyar lokaci-lokaci kowane ɓangare ya ga haske.

Hita na busar da iska, busasshiyar iska kuwa ita ƙananan kwarin nan masu saƙa kamar gizo-gizo suke so, saboda haka riƙa ɗaga ganye kana duba ƙasansa. Goge ƙura da tsumma mai danshi, in da hali sa na'urar ƙara danshi kusa da shi, ni a ganina ta fi fesa ruwa amfani nesa ba kusa ba. In kwarin sun riga sun kama, kai shi banɗaki ka wanke ganyen da ruwa mai ɗan ɗumi, ka maimaita bayan mako.

Masu yara da kyanwa a kula, farin ruwan da ke fita in an karya reshe yana sa ƙaiƙayi kuma yana cutar da dabba in ta tauna. In ganye ya zube da yawa kada ka yi saurin jefar da shi, kankare ɓawon reshe kaɗan da farce, in ka ga kore a ciki yana da rai, zai toho idan yini ya fara tsawo.