Kafin ku sayi probiotic mai ƙwayoyi iri-iri, ku juya bayan kwalbar

Jama'a, probiotic ƙananan ƙwayoyin halitta ne masu rai, irin su bakteriya masu amfani, da ake sha don lafiyar ciki. Kada babban rubutun gaban kwalba ya ɗauke muku hankali, bayanin yana baya.

Ku fara da sunan kowace ƙwaya. Cikakken suna kashi uku ne, kamar Lactobacillus rhamnosus GG. Wannan GG ɗin na ƙarshe shi ne muhimmi, domin bincike a kan takamaiman iri ake yin sa, kuma amfanin da aka gani a wani ba lallai ya shafi ɗan'uwansa ba. Idan babu haruffa ko lambar ƙarshe, ni dai ajiyewa nake yi. In kun ga Lacticaseibacillus a maimakon Lactobacillus kada ku ruɗe, an sauya wa da yawa suna ne a 2020.

Sai CFU, wato adadin ƙwayoyin da ke raye. Ku duba ko adadin na ranar haɗawa ne ko na ranar ƙarewar wa'adi, don suna mutuwa a hankali. Na ranar ƙarewa ake so. Wasu kamfanoni kan dunƙule iri goma su ba da jimla ɗaya ko nauyi a miligiram, alhali nauyi ya haɗa har da matattu. Yawan iri kuma ba shi ne inganci ba.

Ku karanta sauran sinadaran: inulin, wani sinadari da ake samu daga tsirrai, kan kumbura cikin wasu mutane, wani probiotic ɗin kuma akwai madara ko waken soya a cikinsa. Wani kuma sai an ajiye shi a firji.

Mai raunin garkuwar jiki da jariri bakwaini, don Allah sai da izinin likita.