Idan Faifan Kwamfuta Ya Ce A Yi Fomatin: Yadda Ake Ceto Fayiloli

An ɗauke wuta kana tsakiyar kwafar aiki, ko an zare kebul ɗin faifan waje ba tare da an sallame shi ba. Da ka sake jonawa sai Windows ta ce sai an yi fomatin, ko ta nuna faifan a matsayin RAW, wato ba ta gane tsarinsa ba. Kada ka amsa mata. Galibi fayilolin suna nan daram, abin da ya lalace shi ne rajistar da ke nuna inda kowanne yake. A NTFS, tsarin da Windows ke ajiye fayiloli da shi, sunanta MFT. Kamar ɗakin karatu ne da kundin jerin littattafansa ya yage, littattafan kuwa suna kan kanta.

Daga wannan lokaci kada a ajiye komai a kan faifan, domin duk sabon abu na iya hawa kan tsohon aikinka ya shafe shi. Haka nan a dakata da chkdsk /f, umarnin Windows na gyaran faifai. Masu gyara da yawa da shi suke farawa, alhali shi tsarin yake daidaitawa, bai damu da fayilolinka ba, har yakan mayar da wasu gutsattsari a foldar found.000.

Da farko a saurari faifan. In yana ƙas-ƙas, ko ya fara juyawa ya tsaya, kashe shi nan take, wannan lalacewar inji ce, sai ƙwararru masu ɗaki marar ƙura. Kada a kwance shi a shago. Kan da ke karanta faifan yana shawagi ne a tazarar da ba ta kai ƙwayar ƙura ba, to ina ga ƙurar hunturun Sakkwato. Saka shi a firiza ma ba magani ba ne, laima ce za ta ƙarasa shi.

In ba ya ƙara, duba lafiyarsa da manhajar CrystalDiskInfo. Lura da layin 05 da C5: idan ainihin ƙidayarsu (Raw Values) ta wuce sifili, akwai sassan da suka fara mutuwa.

Sai a ɗauki kwafin faifan gaba ɗaya, nan ne aikin yake. Nemi wani faifai da ya fi shi girma, misali mai 1TB don mai 500GB. Tayar da kwamfutar da Linux daga filash, ka buga lsblk, umarnin da ke jero sunayen faifan da ke jone, ka tabbatar wane ne maras lafiya, don juya sunayen kuskure ne da ba ya gyaruwa. Sannan, daga cikin babban faifan, ka buga wannan umarni na manhajar kwafa ta ddrescue, ka sa sunan maras lafiyar a madadin sdb:

ddrescue -n /dev/sdb kwafi.img taswira.map

Wannan zagayen yana kwashe masu sauƙi ya tsallake wuraren da suka lalace. Maimaita da -r3 a madadin -n don ya gwada su sau uku. kwafi.img shi ne kwafin faifan, amfanin taswira.map kuwa shi ne in wuta ta tafi, aikin zai ɗora daga inda ya tsaya. Duk da haka a jona da inbata ko UPS. A watan Afrilu da zafi ke haura digiri 40, a sa fanka a kan faifan, ko a bari sai dare, don aikin yakan ci awanni.

A kan kwafin za a buɗe TestDisk, manhajar kyauta ta Christophe Grenier. Zaɓi Analyse, sannan Quick Search. In sashen faifan da fayilolinka suke (partition) ya bayyana, danna P ka ga foldoji da sunayensu, ka kwashe da C zuwa wani wurin daban. In farkon sashen ne ya lalace, NTFS tana ajiye kwafinsa a ƙarshen sashen, ana maido shi ta Advanced, Boot, Backup BS.

Idan rajistar ta lalace sosai, sai manhajar PhotoRec. Ita tana gane fayil ta alamar farkonsa, don haka hotunan biki da furojet ɗin ɗalibin jami'ar Ɗanfodiyo za su dawo ba suna ba folda, a cikin recup_dir.1 da sauransu. Sai an zauna an buɗe su ɗaya bayan ɗaya, manyan bidiyo kuma wasu kan fito a yanke. Faifan da C5 ɗinsa ya nuna matsala kada a sake ba shi amanar aiki, ko da ya koma yana buɗewa.