Yadda Nake Zaɓar Abin Ɗaga Gudumar Ƙira da Yadda Nake Saita Shi

Duk wanda ya zo mini da maganar kafa gudumar inji, ko tayar da tsohuwa da ta daɗe a kwance, tambayarsa ta farko guda ce: wane girman moto zan ɗaura don ta yi bugu da ƙarfi? Amsata kullum ita ce moto ba ya bugu. A gudumar da ake ɗagawa a saki, nauyin kan, wato dunƙulen ƙarfen da ake ɗagawa, shi ne ke faɗowa ya danne jan ƙarfe tsakanin hatimi biyu, na sama da ke manne da kan da na ƙasa da ke zaune bisa uwar maƙera, waɗanda aka sassaƙa siffar kayan a cikinsu. Katako ne, ko bel, ko sarƙa, ko iska, aikinsu ɗaya: su kai kan sama, su sake shi, su kauce masa. Na yi shekaru ina gyaran waɗannan injuna, kuma yawancin gudumomin da aka kira ni a kansu da cewa ba su da ƙarfi, ɗagawarsu lafiya lau take. A sakin ne matsalar take.

Kafin ka taɓa sifana, ɗauki biro. Auna nauyin kan tare da hatimin sama, domin tare suke faɗowa, sannan ka auna tsayin faɗuwa. Ninka nauyin a kilo da 9.81, wato adadin fizgar ƙasa, ka ninka da tsayin a mita, sai ka samu ƙarfin bugun a ma'aunin jul. Kai mai kilo 500 da ke faɗowa daga mita 1.2 yana kawo jul 5,886, wato kusan kilojul 6 a bugu ɗaya. Yana isa ƙasa cikin rabin daƙiƙa, da gudun da bai kai mita 5 a daƙiƙa ba. Ka riƙe wannan: in ka ninka tsayin sau biyu, ƙarfin bugun zai ninka biyu, amma gudun saukar ba zai ƙaru da ko rabi ba, kuma kowane bugu zai ƙara cin lokaci, ƙarfe kuma yana hucewa a kan hatimi. Shi ya sa ba a cika wuce mita 2 ba.

Yanzu moto. A ce kana son bugu 50 a minti. Kowane zagaye daƙiƙa 1.2 ke nan. Faɗuwa ta cinye 0.5, saura 0.7 na ɗagawa. Raba 5,886 da 0.7, ka ga a lokacin ɗagawa ana bukatar sama da kilowat 8, ban da abin da santsi da boris za su ci. Irin wannan guduma moto mai kilowat 11 nake sa mata, da fulawil mai nauyi a kan shaf, domin fulawil ne ke tara gudu yayin da kai ke faɗowa, ya biya shi lokacin fizgar farko. Wanda ya yi rowar fulawil zai ji moto na nishi a kowane bugu, kuma ba zai daɗe ba. Kada ka manta da uwar maƙera: a irin waɗannan gudumomi ana yin ta kimanin ninki 20 na nauyin kai, wato tan 10 a misalinmu. In ta yi ƙaranci, ƙasa ce za ta sha bugun, kuma babu abin ɗagawar da zai gyara wannan.

Zan fi daɗewa kan gudumar katako, don ita na fi sani kuma ita ke koya wa mutum sauran. Dogon katako mai tauri, ko biyu ko fiye a jere, ake cusawa a ramin saman kai a ɗaure da weji. A Amurka, inda irinta ta fi yaɗuwa, itacen mapul aka saba amfani da shi. Katakon yana bi tsakanin rola biyu na ƙarfe da ke juyawa kullum, kowace tana jan sama. Rola ɗaya a kafe take. Ɗayar tana zaune a cikin gida mai ramin da ba a tsakiya yake ba, ta yadda in aka ɗan murɗa gidan sai rolar ta matso ta matse katako. Abin da ke murɗa shi wata doguwar sandar ƙarfe ce mai nauyi da ke tsaye a gefen ginshiƙi. Idan kai ya kusa ƙasa, sai ya ture sandar daga mazauninta, ta faɗi da nauyinta, rola ta matse, katako ya tashi. Idan ya kusa sama, sai ya bugi wani kunne da ke ɗaure a jikin sandar, ya ɗaga ta, rola ta saki. A nan maɗamkai ke cafke katako su riƙe kan a sama har sai maƙeri ya taka feda. In ya bar ƙafarsa a kan feda, guduma ta ci gaba da bugu da kanta.

Ga yadda nake bi wajen saiti. Da farko gudun rola. Mita 1.2 cikin daƙiƙa 0.7 na nufin bakin rola ya yi kamar mita 2 a daƙiƙa, tunda katako yana ɗan zamewa kafin ya kama. Rola mai faɗin santimita 30 zagayenta ya kusa santimita 94, don haka tana son juyi 125 zuwa 130 a minti. Moto mai juyi 1,450 sai an rage shi kusan sau 11 ta hanyar fuli da giya. In rola ta yi gudu fiye da kima, kan zai haura da fizga ya daki sama, ko katako ya ƙone tun bai kama ba.

Na biyu matsi. Kai mai kilo 500 yana son ja kamar na kilo 1,000 don ya tashi da hanzari. Tsakanin busasshen katako da ƙarfe, kamun bai wuce kashi ɗaya cikin uku na matsin ba a kowace fuska, saboda haka rola na matse katakon da ƙarfin da ya haura tan ɗaya da rabi. Wannan lissafin na busasshen katako ne. Akwai ranar da wata guduma ta fara zamewa a hannuna, ta ɗaga rabi ta tsaya tana hayaƙi. Na ƙara matsi, ta yi aiki na awa guda, ta koma. Na sake ƙarawa. Kafin yamma katakon ya yi baƙi, ya yi sulɓi kamar gilashi, ya tsage tun daga tsakiya. Da muka hau sama sai muka tarar giris ne ke ɗigowa daga giya yana sauka kan rola. Katako biyu muka yi asara, da aikin yini guda, kuma har yau abin na damuna domin da na hau na duba tun farko da tsumma kaɗai ya isa. Tun daga ranar, in katako ya zame, sai na shafa shi da hannu na shinshina kafin in taɓa kusoshin matsi, bayan an kashe moto an tokare kai.

Na uku, kuma mafi wuya, lokacin kamu. In rola ta kama da wuri, tana jan kai sama alhali yana kan faɗowa. Ta sace ƙarfin bugun ke nan, kuma katako ke shan wuyar. Za ka ji bugun ya yi laushi, ka ga tabon ƙuna a wuri guda kusa da saman katako. In ta makara, kan zai daka, ya yi tsalle, ya sake dakawa, hatimin sama ya zauna kan jan ƙarfe yana shan zafi har gefunansa su yi laushi. Abin da ake nema shi ne rola ta kama daidai lokacin da kai ke tsallen dawowa, ta karɓe shi kamar yadda ake cafe abin da aka cillo. Ina matsar da abin turin sandar kaɗan-kaɗan, ina saurare. Bugu ɗaya tsaf, sannan tashi ba gargada. Kuma duk lokacin da aka canza hatimi mai kauri daban, wannan saitin ya tashi, sai an sake. Mutane da yawa suna mantawa da wannan.

A ƙarshe maɗamkai. Su saki gaba ɗaya in an taka feda. Maɗamkin da ke gogar katako yana faɗowa birki ne da ba ka roƙa ba. Haka hanyar da kai ke zamewa a jikin ginshiƙai: in ta matse, idan kan ya ɗumama ya kumbura sai ya riƙe, in ta yi sako-sako, hatimin sama ba zai sauka daidai kan na ƙasa ba.

Aibin gudumar katako shi ne tsayin faɗuwarta ɗaya ne har sai ka tsayar da inji ka matsar da kunnen nan. Ba ka iya yin bugu mai sauƙi sannan mai nauyi a zafi ɗaya yadda kake so. Katako kuma abin ci ne, dole ka ajiye wasu a busasshen wuri, masu kauri iri ɗaya.

Bel ya fi sauƙin ƙerawa. A ƙananan gudumomi irin na masu buga cokula da kayan ado a Shefild da Birmingham na Ingila, bel ɗin yana rataye a kan fulin da ke juyawa, kai a gefe guda, igiya a ɗaya gefen. Mai aiki ya ja igiya, bel ya kama fuli, kai ya tashi. Ya sassauta, ya faɗo. Bel da ya rungumi rabin fuli yana ninka jan hannu sau biyu da rabi ne kawai, ko kusa da haka, don haka wannan dabara ta ƙaramin kai ce. Manya ana haɗa su da kuloci a sama, wanda ake matsewa da igiya ko da iska. Daɗin bel shi ne maƙeri na zaɓar tsayi a kowane bugu. Abin lura: a samu abin da zai ɗage bel daga kan fuli lokacin faɗuwa, in ba haka ba zai riƙa goga, ya yi zafi, ya rage bugu. Sarƙa kuwa ba ta zamewa, ba ta miƙewa kamar bel, amma ba ta da yafiya. Duk fizgar tana komawa kan kuloci da mahaɗar sarƙa da kai. Nakan duba wannan mahaɗa kowace safiya.

In kana da kwamfuresa mai kyau, shawarata ka nufi ɗagawa da iska. Silinda a sama, fistin a ciki, sandarsa ta sauko ta shiga kai. Iska na shiga ƙarƙashin fistin ta ɗaga, a buɗe bawul ta fita, kai ya faɗo da nauyinsa. Ba sabuwar dabara ba ce: gudumar tururi da James Nasmyth ya zana a 1839, ya yi mata rajista a 1842, da wadda François Bourdon ya ƙera a Le Creusot ta Faransa a daidai wannan zamani, a cikinsu ɗagawa kawai tururin yake yi. Lissafinta ba wuya. Iska mai matsin bar 6 tana tura kamar kilo 6 a kowane santimita murabba'i. Jan kilo 1,000 na son santimita murabba'i 167, ka ƙara wurin da sandar fistin ta cinye, sai ka samu silinda mai faɗin santimita 16 ko ɗan fiye. Inda masu haɗawa da kansu ke kuskure shi ne ƙofar fitar iska. Suna sa bawul daidai da na shiga, sai iskar da ke ƙarƙashin fistin ta kasa fita cikin rabin daƙiƙa, ta zama matashi, kai ya sauko yana jan ƙafa. Ƙofar fita ta fi ta shiga girma sosai, bututunta gajere, ba lanƙwasa. Sa tankin iska kusa da guduma, ka zubar da ruwansa kullum, ka bar fili a saman silinda don fistin ya samu iskar da za ta tare shi kada ya daki murfi. Sandar fistin kuma a wuyanta take karyewa, wurin da ta shiga kai, kuma bugun gefe ne ke jawo hakan. A sa ramin da ya fi cin ƙarfi a tsakiyar hatimi.

Idan aka sa iska ko tururi ko man haidirolik ya tura fistin ƙasa ma, an bar gudumar saki an shiga wani aji. Gudun saukar na iya kaiwa mita 8 ko 9 a daƙiƙa, kuma tunda ƙarfin bugu na tafiya da gudu sau gudu, kai ɗaya na iya ba da ninki uku na abin da zai bayar da nauyinsa kaɗai. Sai dai uwar maƙera da tushe da hatimi duk sai sun ƙaru. Ban yarda a ɗaura irin wannan silinda a kan jikin tsohuwar gudumar katako ba, ko da mai ita ya nace.

Kowace ka zaɓa, kada hannunka ko kanka ya shiga ƙarƙashin guduma don maɗamkai ko iska na riƙe da ita. Maɗamki na zamewa, tiyo na fashewa. A kashe moto, a jira fulawil ya tsaya cak, a sauke iskar tanki har agogo ya koma sifili, a tokare kai da ƙarfe ko kututturen da aka yanka musamman don wannan aiki, a rufe feda da murfi. Bayan an gama saiti, gwajin farko a yi shi daga ɗan gajeren tsayi, da hatimin da aka ɗumama, da jan ƙarfe a tsakani, domin hatimi mai sanyi in ya daki ɗan'uwansa ba komai a tsakiya yana iya tsagewa ya watso ɓarɓashi. Daga nan ka riƙa ƙara tsayi kaɗan-kaɗan, kana sauraron bugu, kana taɓa boris da katako bayan kowane bugu goma ka ji ko sun ɗauki zafi.